Jiragen Katako Daga Shagon Wani Masassaƙi a Garwa, da Darasin Ƙawanyar Teku a Yaƙin Basasar Amurka

Shekara 11 ke nan ina koyar da tarihi a wata makarantar sakandare a nan Garwa, kuma duk shekarar da muka iso kan yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, a wuri ɗaya ɗalibai ke kakarewa. Batun bauta suna gane shi, haka ma batun jihohin Kudu 11 da suka ɓalle daga tarayya don su ci gaba da riƙe bayi kusan miliyan 3 da rabi a gonakin auduga da rake da taba. Amma da zarar na ce gwamnatin Arewa ta yi wa gaɓar tekun Kudu ƙawanya, sai in ga aji ya yi tsit, domin yaron da bai taɓa ganin ruwan da ya fi Binuwai ko tafkin Lagdo faɗi ba, zai ɗauka cewa tsare teku kamar shingen jandarma ne a hanyar Pitowa, a gitta sanda kowa ya tsaya. Wannan ne ya kai ni shagon wani dattijon masassaƙi da ke bayan kasuwa a unguwar Yelwa, na ba shi aikin jiragen katako da allon taswira. Na yi amfani da kayan zango biyu a aji, kuma abokan aiki daga Marwa da Gidar sun tambaye ni ko ya kamata su ma su ba shi aiki, shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na gani dalla-dalla.

Shagon ba shi da allon suna, rumfar kwano ce mai ƙofa ɗaya, kuma abin da dattijon ya fi yi shi ne kujerun mata da allunan almajirai da motocin wasan yara, sai 'yan ƙananan kwale-kwale da yake sassaƙawa don baƙi masu son tsaraba. Mahaifinsa masassaƙin jiragen ruwa ne, kuma shi kansa ya ce yana yaro ya ga jiragen da ke hawowa Binuwai da damina, su ɗauki auduga da gyaɗa a tashar Garwa su gangara da su zuwa teku ta Najeriya, kafin yaƙin Biyafara na 1967 zuwa 1970 ya katse hanyar. Saboda haka da na yi masa bayanin cewa yaƙin da nake koyarwa rabinsa yaƙi ne a kan hana auduga fita, bai buƙaci dogon sharhi ba. Na kai masa hotunan da na buga daga intanet, muka yi yarjejeniya a kan allon taswira mai tsawon mita 1 da rabi, da manyan jirage 4, da ƙananan jirage 42 masu baƙin fenti, da wasu 10 masu launin toka. Ya yi kuɗin aikin sefa 90,000, muka daidaita a kan 65,000, na ba da kafin alƙalami 30,000. Ya ce in dawo bayan mako 3, amma sai da aka cika mako 8 kafin kayan su shigo hannuna, kuma a cikin wannan lokaci na je shagon sau 6, kullum amsar ita ce, “Malam, a yi haƙuri, fenti ne bai bushe ba.” Duk wanda ke da ranar da yake son fara darasi, to ya ba da aikin tun kafin hutu.

Jirgin da kowa ke fara kai hannu a kansa shi ne Monitor, kuma a nan ne gwanintar dattijon ta fi fitowa. Monitor jirgi ne mai sulken ƙarfe da wani injiniya ɗan asalin Suwidin, John Ericsson, ya zana wa rundunar ruwan Arewa. Jikinsa a shimfiɗe yake kamar faifai, bai fi rabin mita a saman ruwa ba, kuma a tsakiyarsa akwai wani ɗaki kewayayye na ƙarfe mai kaurin inci 8, wanda ke juyawa da igwa 2 masu bakin inci 11 a cikinsa. Dattijon ya kalli hoton ya ce ai wannan rumbu ne aka ɗora a kan tabarma, kuma tun daga ranar ni ma rumbu nake ce wa ɗakin a aji. Ya yi rumbun da gwangwanin tumatir, ya ɗora shi a kan boris na tayar keke, ta yadda yaro zai iya juya shi da ɗan yatsa ya saita igwa duk inda yake so ba tare da ya motsa jirgin ba. Wannan ita ce dabarar da ta bambanta Monitor da jiragen yaƙin da suka gabace shi, waɗanda sai sun juya gefensu gaba ɗaya kafin igwoginsu su fuskanci abokin gaba, kuma gwangwanin nan ya koyar da ita cikin minti ɗaya, abin da nakan ɓata rabin awa ina zanawa da alli.

Abokin karawarsa Virginia ma ya fito da kyau ta fuskar siffa, da rufinsa mai gangara kamar jinkar ɗaki da ƙahon ƙarfe a goshi, sai dai a nan na samu kuskure na farko. Dattijon ya yi jiragen biyu tsawonsu ɗaya, alhali Virginia ya kai kusan mita 84, Monitor kuwa mita 50 ne da 'yan kai. Laifin rabi nawa ne, tunda hotunan da na ba shi girmansu ɗaya a takarda, amma ya kamata ya tambaya, kuma bambancin yana da muhimmanci ga labarin. Mutanen Kudu sun gina Virginia ne a kan gangar tsohon jirgin Merrimack, wanda sojojin Arewa suka ƙone suka nutsar lokacin da suka gudu daga ma'aikatar jiragen ruwa ta Norfolk a watan Afrilun 1861. An lulluɓe shi da ƙarfe mai kaurin inci 4, aka sa masa igwa 10, sai ya yi nauyin da gindinsa ke nutsewa fiye da mita 6 a cikin ruwa, injinsa kuma tsoho ne, juyawa kawai kan ɗauke shi rabin awa ko fiye. A ranar 8 ga Maris 1862 ya fito mashigin Hampton Roads, ya soki jirgin Cumberland da ƙahonsa ya nutsar da shi, ya ƙone Congress, mutanen Arewa fiye da 200 suka halaka. Washegari Monitor ya tare shi, suka yi kusan awa 4 suna harbin juna, harsasai na dukan ƙarfe suna zamewa, aka rabu ba wanda ya kayar da wani. Ƙaramin jirgi mai saurin juyawa ne ya hana babba mai nauyi fasa ƙawanyar, kuma idan jiragen biyu suka zo a girma ɗaya a gaban yara, wannan hoton ya ɓace.

Duk da sunan da jiragen nan biyu suka yi, ba wanda ya ga ƙarshen shekarar a cikinsu. Mutanen Kudu sun tarwatsa Virginia da hannunsu a ranar 11 ga Mayu 1862 bayan Norfolk ta faɗi, domin nauyinsa ya hana shi hawa kogi, Monitor kuma guguwa ce ta nutsar da shi kusa da Cape Hatteras a ranar 31 ga Disamba, da mutum 16. Ina faɗin wannan ne saboda su biyun sun cinye kusan rabin kuɗin da na biya, kuma amfaninsu a aji darasi ɗaya ne tak.

Jirgi na uku, wato na masu fasa-ƙwauri, shi ne ya haɗa ni gardama da dattijon. Ranar da na je karɓa na tarar ya yi masa fenti fari da kore, ya kafa masa dogayen itatuwa 3 da ƙyallaye, har da tuta. Na ce, “Baba, wannan ai a hango shi tun daga gadar Binuwai.” Ya ce, “Malam, jirgi sai da ado, wa zai sayi jirgi mai kalar toka?” Sai da na zauna a kan benci na tambaye shi ko masu shigo da man zuwa-zuwa daga iyakar Najeriya suna kunna fitilar babur da dare, ya yi dariya ya ce ya gane. Jiragen da ke ratsa ƙawanyar Arewa yawancinsu a Birtaniya aka ƙera su, a bakin kogin Clyde na Sikotland da kuma Liverpool, kuma duk abin da ke jikinsu an yi shi ne don kada a gan su kuma kada a cim musu. Dogaye ne sirara, ga shi ba su da tudu a saman ruwa, ana shafa musu fenti mai launin toka ko na hazo, itatuwansu gajeru ne, wasu ma bututun hayaƙinsu ana iya sauke shi. Suna neman kwal ɗin da ba ya hayaƙi sosai, suna fitar da tururi ta ƙarƙashin ruwa don kada a ji ƙara, kuma suna jiran daren da babu farin wata, su rufe kowace fitila, su bi gefen gaɓa inda ƙarar igiyar ruwa ke ɓoye motsin injinsu. Igwa kuwa ba sa ɗauka, domin jirgin 'yan kasuwa da ya mai da wuta ana iya ɗaukar mutanensa a matsayin 'yan fashin teku, alhali idan an kama Baturen Ingila hannu wofi, jirgi da kaya kawai za a ƙwace a sake shi.

Dattijon ya karɓi jirgin ya sake shi cikin kwana 5 bai ƙara mini ko dala ba, kuma wannan na yaba masa ƙwarai. Abin da ya dawo mini da shi shi ne mafi kyawun aikinsa a cikin huɗun, duk da cewa shi ne mafi rashin ado. Ya yi ƙafafun tuƙi na gefe biyu da murfin kwalba da tsinken ƙarfe, suna juyawa, sannan ya yi wani abu da ban sa shi ba: ya yanka tsumma ya cusa audugar gaske a ciki, ya ɗaure ƙananan diloli ya jera su a bisa jirgin har sun kusa kai bututun hayaƙi. Da na tambaye shi, ya ce duk mai fita da kaya ta ɓarauniyar hanya ba ya barin wuri wofi. Gaskiyarsa ce kuwa, domin haka jiragen ke barin Wilmington da Charleston, a danƙare da auduga, su nufi Nassau ta tsibiran Bahamas cikin kwana 2 zuwa 3, ko Bermuda, ko Havana ta Kuba. A can ake sauke audugar a loda ta a manyan jiragen da za su kai ta Liverpool, su kuma ƙananan su ɗebo bindigogi da albarushi da dalma da takalma da barguna da magani su koma. Kafin yaƙin, masaƙun Ingila suna samun kusan kashi 3 cikin 4 na audugarsu ne daga kudancin Amurka, saboda haka da hanya ta toshe farashi ya ninka kusan sau 4, masaƙun yankin Lancashire suka tsaya, dubban ɗaruruwan ma'aikata suka shiga yunwa, 'yan kasuwa kuma suka juya ga audugar Indiya da Masar. Ribar da ke cikin ratsa ƙawanya ta kai yadda tafiya biyu kan iya mayar wa mai jirgi kuɗin jirginsa.

Jirgi na huɗu, na masu gadi, aikinsa matsakaici ne. Jirgin katako ne mai injin tururi da ƙyallayen iska, igwoginsa a jere a gefe, irin Hartford da David Farragut, babban hafsan sojan ruwan Arewa, ya hau, kuma zaren da dattijon ya yi igiyoyinsa da shi ya tsinke tun a makon farko.

Abin da nake ganin ya cancanci kuɗinsa har da ƙari shi ne allon taswira da ƙananan jirage 42, waɗanda su ne mafi arha a cikin kayan. Na zaɓi 42 ne da gangan, domin lokacin da Shugaba Abraham Lincoln ya yi shelar ƙawanyar a ranar 19 ga Afrilu 1861, mako guda bayan mutanen Kudu sun buɗe wa sansanin Fort Sumter da ke bakin tashar Charleston wuta, sannan ya faɗaɗa ta zuwa jihohin Virginia da North Carolina a ranar 27 ga wata, rundunar ruwan Amurka jirage 90 gare ta a takarda, amma 42 ne kawai ke bakin aiki, kuma da yawansu suna can nesa, wasu ma a gaɓar Afirka suna farautar jiragen masu safarar bayi. Gaɓar da aka ce su tsare kuwa ta kai mil 3,500, wato kusan kilomita 5,600, daga Virginia ta zagaya Florida har bakin kogin Rio Grande a iyakar Meziko, cike da tsibirai da bakunan koguna da lunguna. Na ba ɗalibai jiragen 42 na ce su rufe gaɓar, suka jera su ɗaya bayan ɗaya, sai wata yarinya ta ɗauki jirgi mai launin toka ta zura shi tsakanin biyu ta ce, “Malam, ai ko'ina ƙofa ce.” Tambayar da ta biyo baya ita ce wadda nake nema shekara da shekaru ba wanda ya yi mini ita: to ta yaya aka yi ƙawanyar ta ci?

Da allon a gabansu, amsar ta zo da sauƙi. Na farko, ministan sojan ruwa Gideon Welles ya sayi duk abin da ke iya ɗaukar igwa, jiragen fito da na 'yan kasuwa da na jan kaya, ya kuma sa aka ƙera sababbi, har rundunar ta kai jirage 671 a ƙarshen 1864. Na biyu, kuma wannan ne yara suka gano da kansu da na sa suka zana layin dogo da alli a kan allon, ba kowane lungu ne ke da amfani ba. Dilar auduga kaya ce mai nauyi, ba ta isa gaɓa sai ta jirgin ƙasa ko ta kogi, saboda haka tashoshin da ke da ruwa mai zurfi da layin dogo ƙalilan ne: Norfolk, Wilmington, Charleston, Savannah, Mobile, New Orleans, Galveston da 'yan kaɗan. Mu da muka san cewa audugar Garwa da ta Mundu sai ta bi Ngaundere ta hau jirgin ƙasa kafin ta ga Duwala, ba mu buƙatar a yi mana dogon bayani a kan abin da zai faru idan aka rufe bakin hanya guda. Yaran suka kwashe jiragensu daga dogon layi suka tara su a bakunan tashoshi, wanda shi ne abin da Arewa ta yi, ta raba rundunar kashi 4, biyu a tekun Atlantika biyu a mashigin Meziko.

Na uku shi ne ƙwace tashoshin ɗaya bayan ɗaya, kuma don wannan ne na sa dattijon ya huda rami a kan kowace tasha ya yi mini turaku ja da shuɗi. Jirgin tururi ba ya zaman gadi sai da kwal, komawa Arewa ɗebo kwal kuma yana nufin barin ƙofa a buɗe, shi ya sa aka fara da neman masauki a gaɓar Kudu kanta: Hatteras a watan Agustan 1861, sai Port Royal a ranar 7 ga Nuwamba ƙarƙashin Samuel Du Pont. A daren 24 ga Afrilu 1862 Farragut ya ratsa tsakanin sansanonin Jackson da St. Philip a kogin Misisipi, New Orleans ta faɗi, birni mafi girma a Kudu mai mutum kusan 168,000 kuma babbar kasuwar audugarta. Vicksburg ta miƙa wuya a ranar 4 ga Yuli 1863, kogin ya koma hannun Arewa, Kudu ta rabu biyu. Mashigin Mobile ya rufu a ranar 5 ga Agusta 1864, bayan nakiyar ruwa ta nutsar da jirgin Tecumseh a gaban idon Farragut, shi kuma ya ƙi ja da baya. Duk turken da muka canza daga ja zuwa shuɗi, sai yaran su kwashe jiragen da ke gadinsa su ƙara a kan tashoshin da suka rage, suna gani da idonsu yadda igiya ke ƙara matsewa, irin matsewar da ta sa jaridun lokacin suka laƙaba wa shirin Janar Winfield Scott sunan mesar nan anakonda.

A kan Wilmington ne allon ya yi kuskuren da ya fi damuna. Dattijon ya yi wa kogin Cape Fear baki ɗaya, alhali a lokacin baki biyu gare shi, da tsibiri a tsakani da kuma wani dogon tudun yashi a ƙarƙashin ruwa da ya miƙe cikin teku. Mai fasa-ƙwauri da ke cikin kogi yana iya leƙa bakunan biyu ya zaɓi wanda ya fi sauƙi, masu gadi kuwa sai sun yi zagayen gomman kilomita kafin su je daga wannan baki zuwa wancan, saboda haka dole suka ajiye runduna biyu. Ga kuma Fort Fisher, sansanin yashi da ƙasa wanda igwoginsa ke kare duk jirgin da ya iso ƙarƙashinsa. Wannan ne ya sa Wilmington ta zama ƙofar ƙarshe da ke ciyar da rundunar Kudu ta Janar Robert Lee, harin farko a Disamban 1864 ya ci tura, sai a ranar 15 ga Janairu 1865 jirage kusan 60 na David Porter da sojojin ƙasa na Alfred Terry suka ci sansanin, kuma kafin a cika wata 3 Lee ya miƙa wuya a ranar 9 ga Afrilu. Na ɗauki wuƙa na yanka baki na biyu da kaina, wurin ya yi muni amma ya yi daidai. Bermuda ma bai sa ta ba sam, ya ce allo ya ƙare kafin a kai wurinta, sai da na sa ya kafa wani ɗan katako a gefe da ƙusa.

Akwai gardamar da masana ke yi har yau a kan ko ƙawanyar ta yi tasirin da ake faɗa, kuma kayan nan sun ba ni damar kawo ta aji ba tare da na rikita yara ba. Masu cewa raga ce mai manyan ƙofofi suna da hujja, domin jiragen tururi kusan 300 sun gwada ratsawa sau kusan 1,300, kuma fiye da 1,000 sun wuce lafiya, bindigogi aƙalla 400,000 suka shiga Kudu ta wannan hanya. Ni dai ina tare da ɗaya ɓangaren, kuma dalilina yana kan teburin aji: na ajiye siririn jirgin toka kusa da kwalin alli, na ce kwalin shi ne babban jirgin dakon kaya da ke zuwa kafin yaƙi, wanda yanzu ya daina zuwa gaba ɗaya. Jirgin da aka ƙera don gudu rabin cikinsa inji ne da kwal, abin da yake ɗauka kaɗan ne, kuma mai shi ya fi son ya ɗauko siliki da giya da turare masu riba a kan ƙarfen layin dogo ko gishiri, har sai da gwamnatin Kudu ta yi doka a farkon 1864 ta hana kayan ƙawa ta kuma karɓi rabin wurin kaya a jirage. Audugar da Kudu ta fitar a shekarun yaƙin ba ta kai kashi 1 cikin 10 na abin da ta saba fitarwa ba, ko da yake a 1861 su da kansu suka riƙe ta da zaton Ingila da Faransa za su shigo yaƙin don su same ta, zaton da bai tabbata ba. Gishirin da ake adana nama da shi ya yi tsada, layukan dogo suka lalace ba abin gyara, kuɗinsu ya zama takarda, har matan Richmond, babban birnin Kudu, suka fasa shaguna suna neman burodi a ranar 2 ga Afrilu 1863. Jirage kusan 1,500 aka kama ko aka lalata a tsawon yaƙin, kuma waɗanda aka kama kotu ce ke sayar da su a raba wa ma'aikatan jirgin da ya yi kamun wani kaso, wanda shi ne kusan abin da kawai ke ɗebe wa masu gadi kewa a watannin da suke yi suna kallon ruwa.

Allon ya kuma taimaka wajen batun doka, wanda a da nakan tsallake shi. Yarjejeniyar Paris ta 1856 ta ce ƙawanya ba ta hau kan sauran ƙasashe ba sai idan akwai ƙarfin da ke hana shiga da gaske, saboda haka kowane jirgi da ya ratsa hujja ce ga wakilan Kudu a Turai cewa ƙawanyar ta takarda ce. Birtaniya ta yi shelar 'yan ba-ruwanmu a ranar 13 ga Mayu 1861, kuma da Kyaftin Charles Wilkes na rundunar ruwan Arewa ya tare jirgin wasiƙunta Trent a ranar 8 ga Nuwamba ya sauke wakilan Kudu biyu, Mason da Slidell, saura kaɗan yaƙi ya ɓarke tsakaninta da Arewa, sai da Lincoln ya sake su. Da yaran suka ga kusancin Nassau, wadda a lokacin take ƙarƙashin mulkin Ingila, da gaɓar Florida a kan allo, suka fahimci dalilin da ya sa jirgin Arewa zai iya hango abokin gaba yana loda albarushi a tashar Ingila amma ba shi da ikon taɓa shi.

Ta fuskar ƙarko, katakon da ya yi allon da shi bai gama bushewa ba, da hunturu ya shigo sai ya tsage daga Texas har cikin teku, tsagar da ɗan yatsa ke shiga. Manyan jiragen da ya yi da maɗaci ba abin da ya same su, ƙananan kuma 3 sun ɓace, amma wannan aikin aljihun yara ne, ba na masassaƙi ba. Fentin yana da wari har kusan wata guda. Ga malamin da kuɗinsa bai kai 65,000 ba, shawarata ita ce ya sayi allon da ƙananan jirage da jirgin fasa-ƙwauri, waɗanda dattijon ya ce zai yi a kan 35,000, ya bar masu sulke sai ya samu hali. Ya rubuta masa tsawon kowane jirgi da santimita a takarda, ya zana masa bakunan koguna da hannunsa, ya nace a kan busasshen katako, kuma ya riƙe rabin kuɗin har sai ya duba kowane abu a gabansa. Dattijon ba ya jin haushin gyara idan an yi masa da ladabi an kuma gaya masa dalili, sai dai ba ya amfani da waya sosai, zuwa da ƙafa ya fi.

A makon jiya na koma na ba shi sabon aiki, ɗan ƙaramin jirgin Planter, wanda wani bawa matuƙi mai suna Robert Smalls ya sace daga tashar Charleston da asubahin 13 ga Mayu 1862, da iyalinsa da wasu bayi a ciki, ya busa usur ɗin da aka saba ya wuce gaban Fort Sumter, ya miƙa jirgin ga masu ƙawanya. Da na ba dattijon labarin, ya ajiye gizagonsa ya tambaye ni irin hular da mutumin ya sa har masu gadi suka zaci kyaftin ɗin ne, na ce malafa ce, ya ce zai saƙa masa ƙarama da kaba. Ya yi mini alkawarin mako 2, na kuma rubuta darasin a jadawalin wata na gaba da na sama.